Maɓallin Wuya

Direban tirela yana jingine a ƙofar kamfanin ɗinki, yana jiran a gama yi masa lodi. Kekunan ɗinki sai ruri suke yi, amma idonsa na kan wata dattijuwa a layin ƙarshe, siririya, ta ɗaure ƙafar tabaranta da zare, gumi na bin wuyanta. Maɓalli take sa wa rigunan sanyi masu kauri kamar katifa, irin waɗanda ko mahaukaci ba zai sa ba a garin nan. Wata babbar ƙasa ce can ƙetare take kwashe su, kuma ranar da ta ce ta ƙoshi, rabin kekunan nan shiru za su yi.

Duk rigar da ta gama, sai ta ja maɓallin wuyan da ƙarfi, ta ƙara masa zare, ta shafa kafaɗar kamar akwai mutum a ciki. Sauran mata sun yi mata nisa. Direban yana ayyanawa a ransa ko tsoron mai duba aiki ne, ko kuwa tsufa.

"Inna, wannan nawar ai sai ta ja miki kora," in ji shi. "Mai sa rigar ma bai san kina yi ba."

Ba ta ɗago ba.

"Autana yana can ƙasar da ake kai su, ɗan nan. Riguna suna samun biza, ni ban samu ba." Ta gatsa zaren ta tsinke shi. "Tun yana ƙarami sanyi ke kama masa ƙirji. Kuma ban san wacce zai saya ba."