Ɗakin da Duba-gari Bai Shiga Ba

A Tambuwal, in ka ce Malam Mannir sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Mannir Duba-gari kuwa, kowa zai nuna maka gidan, wani ma ya haɗa maka da tsaki. Shekara talatin da biyar ya yi yana wannan aiki a ƙaramar hukuma, kuma ba aikin da ke jawo wa mutum masoya ba ne. Ya leƙa randunan mutane, ya buɗe murfin masai, ya sa an binne naman da mahauta suka rantse lafiyarsa ƙalau. Mata na jin ƙarar babur ɗinsa sai su hau shara. Abu ɗaya ne ko maƙiyinsa ba ya musu a kai: abin da Mannir bai gani da idonsa ba, ba ya sa masa hannu.

Ya yi ritaya da ciwon baya da tsohon babur. A daminar shekarar ce matarsa Fiddausi ta rasu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. 'Ya'ya sun riga sun watse, wannan na Sakkwato, waccan na aure a Jega. Sai ya zama mutumin ƙofar gida, shi da rediyo da buta. Ya gaji, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

A nan Alhaji Ɗangiwa ya same shi. Ɗangiwa dillalin hatsi ne, mai baki kamar an jiƙa shi a zuma, kuma shi aka naɗa shugaban sabuwar ƙungiyar manoman riɗi ta Tambuwal da Kebbe. Wasu mutane ne suka zo daga Abuja da majigi, suka tara manoma, suka ce riɗin nan da ake yi wa kallon abin kantu da miya, ƙasashen waje nemansa suke ido rufe. Amma da sharaɗi, kuma sharuɗɗan sun cika takarda huɗu. Ba a shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, sai a kan tamfol. Ba a zubawa a buhun taki. Buhu ba ya taɓa ƙasa, sai bisa katako. Kuma uwa uba, kada maganin ƙwari ko na sauro ya kusanci inda aka ajiye shi. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Jabo ba, su ne suka zauna a can wata uwa duniya suka yanke yadda za a yi shanya a Jabo. Abin da haushi, amma in aka bi ta gaskiya, ba wanda ke son a ba ɗansa guba.

Ƙungiya na bukatar wanda zai zagaya gida gida ya ga wurin ajiyar kowa, ya cika takarda, ya buga hatimi. Ɗangiwa ya ce duk yankin nan ba sa hannun da ya kai na Mannir nauyi. Mannir ya ce bayansa ba zai ɗauki hanyar Kebbe ba. Ɗangiwa ya dawo washegari, ya sake dawowa jibi. A rana ta huɗu Mannir ya karɓi hatimin, ba don ya ji daɗi ba, sai don zaman ƙofar gida ya fi hanyar Kebbe gajiyarwa.

Manoma sittin da uku ne, kowa da lambarsa, kuma lambar na jikin kowane buhu. Daga kaka zuwa kaka yana bisa babur: Dogon Daji, Jabo, Kebbe, Fakku. Ya kori kaji daga kan tamfol har ya gaji da kora. Ya yi wa wani bayani sau biyar cewa wanke buhun taki ba ya mayar da shi sabo. A Dogon Daji wani ya ce masa, da can randa yake leƙawa, yanzu ya samu ci gaba ya koma leƙen buhu.  Inda ya ga daidai ya ja alama, inda ya ga akasi ya ja gicciye, ko da mai gidan liman ne.

Sai lamba arba'in da bakwai, a Fakku. Mai wannan lamba ita ce Inna Hinde, uwar marigayiya Fiddausi, wato surukarsa.

Shi da kansa ya sa sunanta. Tsohuwa ce mai 'yar gona a bayan gari, ba ɗa namiji, kuma irin mutanen nan ce da ba a miƙa wa abu hannu da hannu. In ya aika da hatsi sai ta rama da man shanu da ya fi hatsin daraja. Ya ga cewa in riɗinta ya bi na ƙungiya, ya taimake ta ba tare da ta ji an taimake ta ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Shekara talatin da ɗaya da aurensa da 'yarta, Mannir bai taɓa wuce zauren gidan nan ba. Haka aka saba, kuma ita ta riƙe abin fiye da kowa. In ya zo sai ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure, ita kuma ta tsaya bayan katanga su gaisa, murya ƙasa ƙasa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mutumen Tambuwal. Bai taɓa cin abinci ta gani ba. Da Fiddausi na raye, ita ke kai magana ta kawo magana. Da ta rasu, sai gaisuwar ta rage daga ina gajiya sai ina ruwa, sai maƙwabciya, wata mata mai suna Atu, ta miƙo masa fura.

Kakar farko ya zo da takarda a aljihu. Ya durƙusa, suka gaisa, ya buɗe baki zai ce yana son ganin wurin ajiya, sai kunyar surukuta ta hana shi. Mutumin da ya shiga gidan alƙali ya buɗe randa, ya kasa. Ya tuna Fiddausi ta sha ba shi labarin wani ɗan ɗakin ajiya a ƙuryar gidan, mai daɓe mai kyau, wanda uwarta ba ta barin ko kaza ta shiga. Da wannan ya fito, ya zauna bisa babur a gindin wata bishiyar bedi, ya ja alama, ya buga hatimi. Kaka ta biyu ma haka, ta uku ma haka. 

A kaka ta uku ne ƙungiya ta haɗa kwantena guda cur, karo na farko. Har hoto aka ɗauka a gaban mota. Bayan mako uku sai ga waya daga Legas: an gwada riɗin kafin a sa shi a jirgin ruwa, an samu burbushin fiya-fiya, maganin nan da ake yayyafawa a ɗaki don sauro. Kaya gaba ɗaya ba za su fita ba. Da yake ana ajiye ɗan samfurin kowane manomi a leda da lambarsa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sittin da biyu lafiya lau. Lamba arba'in da bakwai ce mai maganin.

Kamfanin da ke saye ya ce zai turo ma'aikaciyarsa, wata Malama Zahara'u, ranar Alhamis, a yi mata bayanin yadda wannan lamba ta samu hatimi. In bayanin bai gamsar ba, ba su ba ƙungiyar.

Ɗangiwa ya zo ranar Talata da hantsi, ya zauna a tabarmar Mannir, ya daɗe yana zagaye. A ƙarshe ya fito fili. Abin mai sauƙi ne, in ji shi: a ce Malam ya duba ya ga komai daidai, bayan tafiyarsa tsohuwa ta musanya buhu da wani riɗin da ta sayo a kasuwa. A cire ta, magana ta mutu. In kuwa aka ce ya sa hannu bai gani ba, to sa hannu sittin da ukun nan duk sun zama abin tuhuma.

"Malam, tsohuwa ce," in ji Ɗangiwa. "Mi za ta rasa? Ba ta zuwa taro, ba ta jin Turanci. Kai ko sunanka na."

Mannir ya ce ya ji. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba. Gaskiya ita ce abin ya shige shi, don sa hannun nan shi kaɗai ya rage masa daga shekara talatin da biyar. Amma ya san Fakku. Kafin Juma'a ta zagayo, duk mai zuwa rijiya za ta ji cewa Inna Hinde ta yi algus ta jawo wa mutum sittin asara, kuma da wannan sunan za ta shiga kabari.

Laraba da sassafe ya hau babur. Bayansa na sara tun kafin ya wuce Kebbe.

Labari ya riga shi isa. Yana cire takalmi sai ga Atu ta fito daga cikin gidan, ta ce Inna ba ta nan, ta shiga gidan su Atun tun bayan asuba, kuma ta ce ba ta dawowa sai rana ta yi tsaka. Mannir ya ce to zai jira. Atu ta girgiza kai.

"Cewa tay yi a gaya ma mutumen Tambuwal gida ba kowa. Shi shiga shi duba abin da shika dubawa gidan mutane."

Ya daɗe a tsaye a zauren. Sannan ya yi sallama, ko da ya san ba mai amsawa, ya shiga.

Gidan ya fi yadda ya zata ƙanƙanta. An share tsakar gida tsaf. Ya nufi ƙuryar da Fiddausi ke faɗa, sai ya tarar da tsibin ƙasa, kabewa ta yaɗu a kai, ga guntun azara ya leƙo. Atu, da ke biye da shi nesa kaɗan, ta ce ai ɗakin ya faɗi tun daminar da aka yi rashin Fiddausi, ana cikin zaman makoki. Shekara huɗu ke nan. Inna ta hana a faɗa masa, wai yana da abin da ya dame shi.

Ɗaki ɗaya ya rage a tsaye, kuma an ɗage labulensa an rataye. Ya sunkuya ya shiga. Gadon ƙarfe, tabarmar salla, 'yan kwanoni. A gefen gadon ga katako huɗu an jera bisa duwatsu, daidai yadda takardar ƙungiya ta ce, har da tazara daga bango. Ga tamfol a naɗe, an ɗaure da tsumma. Tsohuwa ta bi duk abin da ta ji an ce, iyakar ƙarfinta. A nan buhunanta biyu suka kwana tare da ita tun daga girbi. Can bisa taga kuwa ga 'yar kwalbar fiya-fiya da gashin kaza a ciki, wanda take yayyafawa a ƙasan gado da kusurwoyi don sauro ya bar ta ta runtsa. Ba wanda ya taɓa ce mata wannan na cikin abin da aka hana, domin wanda aikinsa ne ya faɗa mata yana zaure a durƙushe yana tambayar ta ina gajiya.

Kunya ta kama shi, ba irin wadda ya saba ji a gidan nan ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ya zaro sabuwar takarda. A layin maganin ƙwari ya ja gicciye. A layin da aka ce a rubuta ko ziyara ta nawa ce, ya rubuta ta farko.

Ranar Alhamis, a gaban Malama Zahara'u da Ɗangiwa da manoman da suka samu zuwa, ya miƙa takardar, ya ce hatimi ukun baya na lamba arba'in da bakwai ƙarya ne, shi ya buga su bai gani ba. Zahara'u ta tambayi dalili. Ya ce surukarsa ce. Zahara'u 'yar Gusau ce, ta san kunyar surukuta, ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta sunkuyar da kai tana rubutu. Amma takardar da za ta aika ba ta da layin surukuta. Aka yanke cewa a sake duba gidaje sittin da uku daga farko, a dakatar da lamba arba'in da bakwai kaka biyu, kuma a nemi wani mai dubawa. Ƙungiya ta tsira da ƙyar. Riɗin kwantena ya dawo ya bi kasuwar Litinin kamar kowane riɗi. Mannir ya ajiye hatimin bisa tebur ya fita, kuma har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarsa da kyau. Ɗangiwa na cikinsu.

Da rani ya kama, ya ɗauki magini daga Kebbe suka tafi Fakku da buhunan siminti a bayan a-kori-kura. Bai aika a tambaya ba, don ya san amsar da zai samu. Ya durƙusa a zaure, suka gaisa ta bayan katanga kamar kullum, ina gajiya, ina zafi. Sannan ya ce wa Atu ta shiga da magini ta nuna masa inda tsohon ɗakin yake.

Atu ta shiga, ta jima, ta fito ita kaɗai. Ta ce Inna ta ce ta gode, amma ba can ƙurya za a gina ba.

"Ta ce a yi shi nan waje, jikin zaure, ƙofar ta dubi hanya. Don in mutumen Tambuwal ya zaka dubawa da kaka, shi gani da idonai ba sai ya shigo ba."

Ba wanda ya gaya mata an karɓe hatimin. Mannir ya dubi Atu, Atu ta kau da kai. Ya ji motsin tsohuwar a bayan katanga, tana jiran amsa.

Ya ce to, haka za a yi. Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ya riƙe wa magini bakin igiyar awo.