Sada Mai Mazarƙwaila

Ranar wata Talata, a tsakiyar azumin 1965, Sada ya yi sahur da ɗumamen tuwon dawa. Ƙarfe bakwai yana fadamar Gazara, dokinsa na zagaya injin matse rake, shi yana cusa kara. Da azahar yana kwashe kumfa a bakin kasko. Da la'asar ya zuba mazarƙwaila a ƙananan kwanuka ta daskare. Bayan shan ruwa ya kawo wa mahaifinsa, Malam Tukur, guda biyu.

"Baba, digirinka bai iya wannan ba."

"Bai iya ba kam."

Shekarar Sada ashirin. Uwarsa ta rasu yana goye, kuma shi kaɗai Allah ya ba Malam Tukur, malamin makarantar da ya yi jami'a a Badun. A aji huɗu Sada ya ajiye boko ya bi masu rake, uban ya yi faɗa har ya gaji.

Washegari da hantsi injin ya ja hannun Sada har kafaɗa. Motar rake ta kai shi wani asibiti a Zariya, abokan aikinsa tara a baya. Likita ya ce sai an ƙara masa jini kwalba huɗu, kuma babu a ajiye. Aka ɗebi ɗaya a jikin Malam Tukur, aka ce ba a wuce haka. Ya fita ya sami mutanen a gindin mangwaro.

Maiwada, babbansu, ya ce, "Malam, Sada namu ne. Amma ɗibar jini na karya azumi. A bari a sha ruwa, ko duka ne a kwashe."

"Ceton rai ne, Maiwada. Ya halatta."

"A karatunku na boko? Da malaminmu na kusa, da mun tambaya."

Sada ya cika ƙarfe biyar da minti ashirin. Malam Tukur ya kasa fita ya faɗa musu, ya zauna a gefen gadon. Ana kiran magariba su taran suka shigo, kowa ya naɗe hannun riga.

Bayan sadakar bakwai Malam Tukur ya kai tufafin Sada masallaci aka raba. Kaskon da kwanukan ya ba kawun Sada. Dokin ya aika wa Maiwada, a ranar aka dawo da shi ba saƙo. Ya sake aikawa, aka sake dawowa da shi. Sai ya kafa masa turke a tsakar gida, ya koyi yankan ciyawa.