Yadda Tashar Yara Ta Buɗe Bakin 'Yata

Lokacin da muka tare a Riyadh, 'yata ba ta cika shekara ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwantiragi ya kawo ni wani asibiti, maigidana kuma ya samu aiki a wani kamfanin gine-gine can wajen Al-Sulay. Muka kama ɗan gida a Al-Shifa, hawa na biyu. Wanda ya tashi daga gidan ya bar mana akwatin setilayit, a cikinsa kuwa akwai wata tasha ta ƙananan yara zalla, waɗanda ba su isa shiga makaranta ba.

Ban taɓa ganin irinta ba. Babu ihu, babu duke-duke. Wata mata mai taushin murya takan zauna da 'yan tsana tana nuna musu launuka, tana maimaita kalma har ta zauna. Maƙwabciyata 'yar Sudan, wadda ke riƙe min yarinyar idan na tafi aiki, ta ce tashar ba ta jima da buɗewa ba. Manyan 'ya'yanta ba su same ta ba, katun na faɗa da harbe-harbe suka tashi suna kallo. Zafin garin ba ya barin yaro ya fita, ga shi babu tsakar gida, don haka a gaban tashar nan 'yata take wuni, a gidanmu ko a na maƙwabciya.

Ta haura shekara biyu da rabi, amma ban da “Mama” da “ruwa” babu kalmar Hausa a bakinta. Surutu kam tana yi, dogo ma, har da ɗaga hannu, sai dai gwarancin ba ya kama da komai. Ina ɗan jin Larabcin asibiti da na kasuwa, wannan kuwa bai yi kama da su ba. Maƙwabciyar ma, da tata hidimar, cewa take shirmen yara ne.

Duk ranar Juma'a surukata takan kira daga Kano.

“Har yanzu ba ta fara ba? Jikata ta wajen ƙanin mijinki sa'arta ce, ga ta can har aike ake mata.”

“Za ta fara, Hajiya, in sha Allahu,” nake cewa. A wurin aiki na ga yaran da aka kawo a makare, kunne ya riga ya lalace. Maigidana ya riƙa laɓaɓowa ta bayan yarinyar yana tafa hannu. Takan juyo, amma hankalina bai kwanta ba. Na ɗora wa talabijin laifi, na kashe shi. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, na haƙura na kunna.

Daga ƙarshe muka kai ta wajen wata likitar yara, dattijuwa 'yar Misra. Ta duba kunnuwa, ta ce lafiya lau. Sannan ta zube wasu 'yan katakai masu launi a ƙasa, ta zauna kusa da yarinyar, ta ɗauke jan ta ɓoye a tafin hannu. 'Yata ta miƙa hannu ta saki irin surutun nata.

Likitar ta dube ta, ta ce ta sake faɗa. Ta sake. Sai matar nan ta tuntsire da dariya har tana share hawaye.

“'Yar'uwa, kin san me ta ce? Cewa ta yi, ki ba ni jan nan idan kin yarda. Da Larabcin littafi! Wace tasha take kallo?”

Na gaya mata. Ta ce ba 'yata ce ta farko ba. Tun da aka buɗe tashar take ganin yara masu magana kamar masu karanta labarai. Harshen ne bai gama nuna ba, shi ya sa muka kasa ganewa. Ta shawarce ni in rage mata kallo, in riƙa yi mata Hausa da yawa, ko da ba ta amsa ba.

Na nemi kujera na zauna. Maigidana sai maimaita alhamdu lillahi yake yi. A mota ya juyo ya ce da ni, “Ashe mu ne ba ma ji.”

Daga ranar na fara zama muna kallo tare, ni ma ina tsintar kalmomi. Idan ina girki sai in zaunar da ita in riƙa faɗa mata sunan komai: albasa, ludayi, tukunya. Kafin ta shiga makarantar yara Hausar ta zo, a cakuɗe da Larabci. Mai kantin unguwarmu yakan bar ciniki don ya ji ta nemi alewa da Larabcin littafi.

Bayan wasu shekaru aka mayar da tashar cikin waɗanda sai an biya ake gani. Wata safiya muka kunna, allon baƙi. A lokacin na haifi ƙaninta, maigidana ya tambaye ni ko ya biya saboda shi. Na ce ya bari tukuna. Yaron nan a bakin yayarsa ya koyi magana, kuma kalmarsa ta farko da kowa ya gane ita ce “bari”, don ita ya fi ji daga wajenta.