Jitar Maƙwabcina

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato. Gidan haya ya yi wuya a Birnin Kebbi, da ƙyar na samu ɗaki a Gwadangaji, bango ɗaya da wani dattijo mutumin Kudu mai sayar da kayan gyaran rediyo. Ya daɗe a garin, har Hausarsa ta zama ta Kabawa. Shi yana ce mini Malam, ni ina ce masa Oga.

Da ƙuruciya ya yi kiɗan jita a garinsu, bai kuma daina ba. Ran Asabar da la'asar yakan zauna a baranda yana kaɗawa, ni kuwa ina wankin kayana ina saurare.

Wata rana ya dawo daga sarin kaya a Kudu da abubuwa biyu na hannu: wani ɗan ƙarfe da ya manna a ƙarƙashin tsarkiyoyin jitar, da akwati mai maɓallai da yake kira sikwensa. Ya haɗa su da waya, ya ƙwala mini kira.

"Malam, taho ka gani. Wanga abu ba sauti yaka ɗauka ba."

"To me yake ɗauka, Oga?"

"Hannuna. Wace tsarkiya na taɓa, da wane ƙarfi, yaushe na saki. Shi aka ce ma midi."

Ban gane ba sai da ya kaɗa, ya danna maɓalli, akwatin ya maimaita kiɗan da muryar sarewa. Ya sake dannawa, ya fito da muryar molo. Na ajiye sabulu na zauna.

Abin da yake son ɗauka wani kiɗa ne da ya ji wurin masunta a Argungu, lokacin da yake kai kaya kasuwarsu. Ya ce ya kwana biyu yana bin sa a ka. Amma akwatin ya ba shi wahala. In ya ja tsarkiya don sautin ya lanƙwasa, sai akwatin ya rubuta wani abu daban. In yatsa ya gogi wata bisa kuskure, ita ma ya rubuta. Dole ya koyi kaɗawa a hankali, kamar mai tafiya cikin laka. Sau ɗaya aka ɗauke wuta kafin ya adana aikin a faifai, duk ya goge; ya yi dariya ya ce gobe ma rana ce.

Ya kai rabin kiɗan ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a shago. Ya tashi, amma hannun hagu bai tashi ba. Da aka sallamo shi daga asibiti, jitar ta koma bayan ƙofa. Asabar ta zo ta wuce, barandar shiru.

Ni na ɗauko akwatin na jona masa, ina ɗar-ɗar kada in fama masa ciwo. Kiɗansa ya fito, ya tafi, ya tsaya cak a tsakiya. Oga ya juya fuska bango. Na miƙa hannu zan kashe, sai ya ce, "Bar shi, Malam. Matso mini da shi."

Ashe ana iya shigar da sauti ɗaya-ɗaya da maɓalli. Da hannun dama ya ci gaba, yana rera abin a baki, yana dannawa, yana gogewa. Aikin ya ci masa damina guda. Rabin farko yana da jinkiri da gaggawa irin na hannun mutum, na biyu kuwa ya fito a miƙe. Na ce ko zai daidaita su. Ya ce a'a, kowanne ya zauna yadda ya zo.

Da kaka 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Na raka su tasha. Ya zauna gaba kusa da direba, akwatin a kan cinyarsa, ya hana a sa shi a but ɗin motar.