Hasumiyar Tela Mai Hawa Bakwai

Tela mutum ne da bai iya zama ba. Ƙafarsa na kan keken ɗinki, hankalinsa na wata ƙasa da babu ita a duniya. Shekara huɗu ke nan duk Asabar da la'asar yake share teburin yanka, mutum uku su zagaye shi: direba, malamin makarantar da ke maƙwabtaka da shagon, da ƙanwarsa nas. Kowa da jarumin da yake wakilta. Tela ke ba da labari, su faɗi abin da za su yi, a jefa dayis irin na ludo a ga ko sun dace.

Wasan awa uku ne, shirinsa kwana shida. A bayan takardar yanka yake zana taswira, da allin ɗinki yake ja koguna. Ya taɓa ɗinka hannun riga a baibai yana tunanin sunan wani dodo. Abin haushin, duk ƙofar da ya ɓata mako yana ƙawatawa, sai 'yan wasan nan su bi ta taga.

Ana nan, aka yi wa ƙanwar tasa canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Sai ya duƙufa wajen gina mata hasumiya mai hawa bakwai, wadda jarumarta za ta hau a wasan ƙarshe. Ya zana, ya goge, ya tashi, ya zauna, shayi ya huce sau uku.

Ranar Asabar, a cikin wasan, jarumansu suka iso bakin kogi, ga kwalekwale, hasumiya na tsallake.

"Wa ke da kwalekwalen?" in ji direba.

Tela ya duba takardunsa. Hawa bakwai ya shirya, ya manta mai fito.

"Wata tsohuwa ce," ya ce, ya sirantar da murya, ya dubi ƙanwarsa. "Ke 'yar nan, haka za ki fita ko ruwa ba ki sha ba?"

Nas ta ajiye dayis. Maganar mahaifiyarsu ce, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe.

"Ku shiga mana, lokaci na tafiya," in ji Tela, yana tattara takardu.

"Yaya, bar hasumiyar nan," ta ce. "Zama zan yi wajen tsohuwar nan." Ta yi wa tsohuwar magana kamar mahaifiyarsu ce: "Inna, nisa zan yi. Kin yarda?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa. Tela ya daɗe yana kallon kogin alli.

"Je ki," ya ce da muryar tsohuwa. Muryar ta karye a hanya, tasa ta fito. "Amma ki riƙa kira. Shagon nan zai yi mini girma."