Ƙaron Tawadar Baba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Wudil, aikin da aka ba ni shi ne na'urar ɗumama ruwa da zafin rana: baƙin faranti a cikin akwatin gilashi, da bututun jan ƙarfe kwance a kansa. Maimakon tsurar ruwa, a bututun ake zuba ruwan da aka dama da wani baƙin gari, dangin gawayi, wanda ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Muddin garin yana yawo a cikin ruwan, ruwan ya fi kwasar zafi.

Nawa kuwa ya ƙi. In dama da safe, kafin la'asar ya kwanta kamar gasara, ya toshe bututun. Malamin da ke duba aikina ya ce a ɗakin gwajinmu babu sinadarin da ke hana garin kwanciya, in bututun ya sake toshewa sai na canja aiki, wato in ƙara shekara. Ni kuma na riga na cika baki a gida cewa bana zan gama.

Na tafi gida Indabo raina a ɓace, da kwalbar ruwan a jaka. Na tarar da Baba a zaure yana rubutun Alƙur'ani, aikinsa tun kafin a haife ni. Bayan mun gaisa ya ga kwalbar.

"Uwata, wa ya haɗa miki wannan tawadar?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Ba tawada ba ce, Baba, kimiyya ce." Har da ɗan ɗaga hanci na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ya girgiza ta, ya ɗaga ta ga haske. "Ko mene ne sunanta, babu ƙaro a ciki. Baƙi ba ya zama a ruwa sai da ƙaro."

Ya ɗebo mini ƙaron daga gwangwaninsa. Ya ce in jiƙa, in tace da ƙyalle, kuma kada in cika hannu, don in ya yi yawa alƙalami ba ya gudu. Da yake ni sarkin gaggawa ce, na cika. Ruwan ya yi kauri, da ƙyar yake tafiya a bututun. A karo na biyu na bi maganarsa sak.

Mako guda garin bai kwanta ba, kuma kullum ma'aunin zafi yana nuna na'urata ta wuce mai tsurar ruwa. Malamina ya ce masu bincike a waje ma suna amfani da ƙaro, ya tambaye ni a wace mujalla na karanta. Na ce a zauren babana na koya. Ban taɓa jin daɗin wata amsa kamar wannan ba.

Da na gama, na kai wa Baba ragowar ruwan. Ya tsoma alƙalaminsa na kara, ya ja layi ɗaya a takarda, ya jira ya bushe, ya goga da yatsa. Bai goge ba.

"Yanzu kin iya," ya ce.

Takardar tana cikin jakar da nake ajiye shaidar digirina, kuma ita ce a sama.