Shekarar da Na Yi wa Tsohuwar Ƙofa Kwalliya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma akwai guda ɗaya da na tabbata da shi za a binne ni: shekarar da na sa aka yi wa tsohuwar ƙofar garinmu yaɓe.

Wannan kafin samun mulkin kai ne. Ina saurayi, ina malamin dagaci a wani ƙauye cikin ƙasar Kiru. Aikina karanta takarda da rubuta amsa. In babu takarda sai in koma gindin tsamiya da 'yan littattafan da nake sayowa a kasuwa, masu labarin masoya da benaye masu ƙyalli. Su suka ɓata mini ido. Komai na kalla a garinmu sai in ga bai kai ba.

Rannan takarda ta zo daga hakimi. Wai wasu baƙi daga ƙasashen waje, masu taimakon karkara, za su zo ganin tsohuwar ƙofar ganuwarmu. In ta burge su, za su sa ta cikin wuraren da ake kai masu yawon buɗe ido, kuma su gina mana rijiyar siminti. Ruwa kuwa shi ne ciwon garin. Da rani 'yan mata sai sun yi doguwar tafiya zuwa rafi su tona yashi. Cikinsu har da wadda nake so. Kullum nakan raka ta ina zuba mata kalamai, ita tana ɗauke da tulu. Ban taɓa karɓar tulun ba. A littattafaina ba a yin haka.

Na je na dubi ƙofar. Gefe ya zube, gefe ya tsage, ƙadangaru na ta hidimarsu. Kunya ta kama ni.

"Ranka ya daɗe," na ce wa dagaci, "wa ke tarar baƙo bai share gida ba? Wannan ƙofa kamar bakin da haƙora suka zube."

Maganar ta shige shi, don a wurinmu ba abin da ya kai baƙo ya ga kasawarka muni. Aka kira gayya. Kwana biyar ana kwaɓa ƙasa, ana yaɓe, ana shafa farar ƙasa. Ni da hannuna na zana furanni da jinjirin wata a saman ƙofar, ina tunanin wadda za ta gani.

Sarkin magina, wani dattijo marar yawan magana, ya yi mana gaban, ya ƙi taɓa bayan.

"Malam ƙarami, gaba naka ne," ya ce. "Baya akwai sawun yatsun kakana. Ba zan shafe hannun mamaci don Bature ya ji daɗi ba."

"Baba, abin kunya ne fa."

"To rufe idonka."

Ban rufe ido ba, zana na sa aka kafa aka rufe bayan.

Ran zuwansu mota ta ɓullo ta hanyar Kwanar Dangora. Ciki akwai wata tsohuwar Baturiya mai akwatin ɗaukar hoto, da Ba'indiye masanin rijiya, da tafinta Bakano. Baturiyar ta tsaya ta dubi furannina, ta yi 'yar magana.

"Ta ce wannan sabon gini ya yi kyau," in ji tafinta. "Yanzu a kai ta tsohuwar ƙofar."

Dagaci ya juyo a hankali ya dube ni.

"Malam, kai ta mana."

Da tafinta ya gane wannan ɗin ce tsohuwar ƙofar, ya yi mata bayani, sai ta mayar da akwatin hoton cikin jaka. Ba'indiye ya naɗe takardarsa. Na ga rijiyarmu tana shirin hawa mota.

Sai sarkin magina ya tashi ba gaggawa, ya zagaya, ya kwance zanar ya jefar.

"Gaya mata ta zo ta gai da kakana."

Ta zagaya. Ga bango baƙi, tsagagge, da sawun yatsu jere tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Ta sa yatsunta cikin na mamacin, ta daɗe ba ta cire ba. Har la'asar tana ɗaukar hoto, dattijon yana lissafa mata maginan gidansu ɗaya bayan ɗaya. Furannina ko hoto ɗaya ba su samu ba.

Kafin damina aka gina rijiya. Takardar ta zo da sharaɗin kada a sake gyara ƙofar, kuma ni na karanta wa jama'a da bakina. Damina biyu ruwa ya wanke kwalliyata.

An haƙa rijiyar daidai ƙofar gidan uban yarinyar, inda yake wuni a zaune, don haka rakiya ta ƙare. Na dai aure ta daga baya. Har ta tsufa takan ce, "Malam, da tulun ka ɗauka sau ɗaya, da ya fi furannin nan."

Tun daga ranar, in na ga tsohon abu ya ba ni kunya, nakan fara tambaya hannun wa ke jikinsa kafin in nemi farar ƙasa.